Idan gaskiya ita ce abin da ya yi aiki, ina matsayin kuskuren da ya yi aiki?

Ɗalibin_Manɗiƙi:
Assalamu alaikum malamai. Abu biyu sun tsaya mini a rai game da falsafar faragmatizim, wadda ta taso a Amurka a shekarun 1870. Na farko, ana cewa a wurin masu wannan ra'ayi gaskiya ita ce abin da ya yi aiki. To lissafin taurari na Batlimus, masanin taurari na zamanin da, an yi sama da shekara dubu ana gano matsayin taurari da shi, alhali ya ajiye ƙasa a tsakiya, rana tana zagaya ta. Ya yi aiki. Gaskiya ne ke nan? Na biyu, masanin falsafa Quine ya ce a daina neman wani tushen sani da ya riga kimiyya, a bar kimiyya ta bincika yadda ɗan Adam yake sanin abu. Wannan ai dauru ne ƙiri-ƙiri: ka auna ingancin ma'auni da shi kansa ma'aunin. Ko ni ne ban fahimta ba?

Malam_Ilu:
Wa alaikumus salam. Ɗalibi, fara raba Peirce da James, manyan jagororin faragmatizim, tukuna, don haɗa su wuri guda shi ke kawo rabin ruɗanin. Ƙa'idar da Peirce ya kawo a maƙalarsa ta 1878 ƙa'idar ma'ana ce, ba ta gaskiya ba. Ga yadda ake aiki da ita. Ka ɗauki kalmar da ake jayayya a kanta, ka lissafa abin da za a gani ko a ji in maganar ta tabbata, a wane hali, bayan an aikata me. Abin da ka tara shi ne ma'anar kalmar a wurinka, babu wata ma'ana da ta ɓuya a bayansa. Cewa daimon yana da tauri na nufin in ka goga shi da ƙarfe ko gilashi ba zai karce ba, shi zai karce su.

Gaskiya kuwa a wurin Peirce ita ce ra'ayin da masu bincike za su haɗu a kansa in da za a ci gaba da binciken har iyakarsa. Da wannan ma'auni Batlimus ya faɗi. A tsarinsa Zara kullum tana tsakanin ƙasa da rana, saboda haka ba za a taɓa ganinta kusan cikakkiya ba, sai dai siririya kamar jinjirin wata. A ƙarshen 1610 Galileo ya duba ta da madubin hangen nesa, ya ga tana cika tana raguwa kamar wata. Tsarin ya yi aiki a kan tambayoyin da ake iya yi masa da ido tsirara, da aka yi masa sabuwar tambaya ya kasa.

Malama_Rabi:
Malam Ilu, ƙarin bayani kan daimon ɗin. A 1878 Peirce ya wuce gona da iri, ya ce daimon da ya ƙone ba a taɓa goga shi da komai ba, kiran sa mai tauri ko mai laushi batun tsarin magana ne kawai. Daga baya, a 1905, ya janye wannan. Ya ce abin lura shi ne abin da zai faru in da an goga shi, ko da ba a goga ba, domin halin yana nan a cikin abin. Wannan gyaran yana da nauyi a kan tambayar Ɗalibi, don yana nuna "aiki" a wurin Peirce ya haɗa da gwajin da ba a riga an yi ba. A shekarar ne ma ya sauya wa ra'ayinsa suna zuwa faragmatisizim, don ya bambanta shi da yadda wasu suka ɗauki kalmar.

Mai_Kare_James:
Kullum James ake ɗora wa laifi. A laccocinsa da aka buga a 1907 bai ce duk abin da ya faranta maka rai gaskiya ba ne. Ya sa sharaɗi: abin ya yi aiki a tsawon lokaci, a dunƙule, ya dace da tarin abin da aka riga aka tabbatar, kuma abin da za a ci karo da shi nan gaba kada ya ƙaryata shi. Misalinsa na kurege ya isa a ga nufinsa. Kurege yana manne a jikin bishiya, mutum yana zagaya bishiyar, kuregen yana matsawa ta yadda kullum gangar bishiyar na tsakaninsu. Mutumin ya zagaya kuregen ko bai zagaya ba? In nufinka ya bi ta arewa da shi, gabas, kudu, yamma, ya zagaya. In nufinka ya bi ta gabansa, gefensa, bayansa, bai zagaya ba. Gardama ta ƙare da an fayyace wane ake nufi.

Malam_Ilu:
Ɗan'uwa, misalin kurege ba shi da aibi, amma na ma'ana ne shi ma. Inda aka kama James shi ne wajen bayanin gaskiya. Russell ya ce masa sau da yawa gano ko abu ya faru ya fi sauƙi a kan gano ko yarda da shi na da amfani. Sannan cewa "yarda da kaza na da amfani" ita ma magana ce da sai ta zama gaskiya, to da wane ma'auni? In da amfani ne kuma, an shiga tasalsuli, wato jerin hujjoji da ba ya ƙarewa.

Injiniya_Sule:
Bari in kawo abin daga ɓangaren masu awo, don kalmar "ya yi aiki" tana da adadi a wurinsu. Lissafin Newton ya nuna hanyar da duniyar Yuranus za ta bi, aka ga tana kaucewa kaɗan. Le Verrier bai jefar da Newton ba, ya ce akwai wata duniya da ba a gani ba tana janta, ya lissafa inda take. Ranar 23 ga Satumba 1846 Galle ya duba a Balin, ya sami Neftun bai kai digiri ɗaya daga wurin da aka nuna ba. A 1859 Le Verrier ɗin ya sake yin dabarar a kan Makyuri, wadda ita ma hanyarta ke gocewa, ya ce akwai wata duniya kusa da rana. An yi ta nema, babu ita. Gocewar, wadda daga baya aka tsayar a kan kusan sakan 43 na kusurwa a kowace shekara ɗari, sai a 1915 Einstein ya bayyana ta, kuma da sauya ƙa'idar jan nauyi kanta.

Dabara ɗaya, mutum ɗaya, sau ɗaya ta ci sau ɗaya ta faɗi. Dalilin shi ne abin da Duhem ya nuna a 1906, Quine ya faɗaɗa a 1951: ba a gwada magana ita kaɗai. Kana gwada ƙa'idar tare da zatonka game da na'urar, da adadin abubuwan da ke wurin, da lissafin da ka yi. In sakamako ya saɓa, manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin hujja, zai ce maka akwai ɓaraka a wani wuri, ba zai nuna maka wurin ba.

Ɗan_Fizis:
Injiniya ya yi daidai. Misali na kusa: a 2011 gwajin OPERA ya nuna ƙwayoyin nutirino sun yi tafiyar kimanin kilomita 730 daga cibiyar binciken fizis ta CERN zuwa ɗakin bincike na Gran Sasso a Italiya, sun riga haske isa da kusan kashi 60 cikin biliyan na sakan. Ba wanda ya yi gaggawar binne Einstein. An bi na'urar gaɓa-gaɓa, a farkon 2012 aka gano wayar haske da ke kawo siginar lokaci daga GPS ba ta zauna daidai a mazauninta ba, ga kuma matsala a agogon na'urar. Ana fara tuhumar abin da ya fi sauƙin lalacewa kuma ya fi arhar dubawa, kafin a taɓa ƙa'idar da dubban gwaje-gwaje ke tsaye a kanta. Wannan tsarin fifikon Peirce ya yi rubutu a kansa, ya kira shi tattalin bincike.

Ɗalibin_Manɗiƙi:
Na gode malamai, ta farko ta fara warwarewa. Amma ta biyu tana nan. Duk misalan da kuka kawo kimiyya ce ke gyara kimiyya. Wa ya ce gyaran kansa daidai ne?

Dakta_Hadiza:
Ɗalibi, Quine bai musanta cewa akwai zagaye ba. Abin da ya ce a maƙalarsa ta 1969 shi ne zagayen yana zama aibi ne kawai in burinka ka kafa kimiyya a kan wani tushe da ke wajenta. Wannan burin an gwada shi an gaza: Carnap ya yi ƙoƙari a 1928 ya gina duk maganar duniya daga abin da gaɓoɓin ji ke kawowa tare da manɗiƙi, ginin bai kammalu ba. Da burin ya faɗi, saura tambayar da za a iya amsawa: daga ɗan hasken da ke faɗa wa ido da motsin iskar da ke taɓa kunne, ta yaya mutum ke kaiwa ga maganar taurari da ƙwayoyin zarra, kuma a ina yake yawan kuskure? Misalin da yake yawan arowa daga Neurath shi ne na matuƙan jirgin ruwa da ke gyara jirginsu a tsakiyar teku. Suna cire katako ɗaya suna tsaye a kan sauran. Kowane katako zai iya fita, amma ba duka a lokaci guda ba.

Ga abin a aikace. A 1796 Maskelyne, shugaban ɗakin duban taurari na Greenwich, ya sallami mataimakinsa Kinnebrook saboda yana rubuta lokacin giftawar tauraro a makare da kusan kashi takwas cikin goma na sakan. Bayan shekaru Bessel ya kwatanta awon ƙwararrun masu duba, ya ga kowannensu yana da tasa tazarar, wani na riga wani na makara. Sai aka fara auna mai awon kansa, ana cire tazararsa daga lissafi. Ido da kunne ne suka kama kuskuren ido da kunne, amma ta hanyar kwatanta mutum da mutum. Zagaye ne, sai dai zagayen da zai iya fitar da sakamakon da ba ka so.

Malam_Ilu:
Jimlar Dakta ta ƙarshe ita ce mabuɗin. Daurun da malaman manɗiƙi suka hana shi ne wanda ka cusa natija, wato sakamakon da kake son tabbatarwa, a cikin muƙaddimar da ka fara da ita, ta yadda ba yadda za a yi ta faɗi. Nan kuwa gwajin yana iya kunyata hanyar da ake gwadawa. Peirce tun 1868 ya ce kada hujja ta zama sarƙa, wadda ƙarfinta bai wuce na zobenta mafi rauni ba, ta zama igiya mai zare da yawa da aka murɗe tare.

Mai_Shakka:
Ban gamsu ba, Malam. Hume ya riga ya rufe wannan ƙofar. Duk gyaran da kuke faɗa yana tsaye ne a kan istiƙra'i, wato abin da ya faru jiya zai maimaitu gobe. Ba ku da hujjar wannan sai cewa ya saba maimaituwa. Igiya mai zare dubu, in ba a ɗaure ta a jikin komai ba, faɗuwa za ta yi.

Almajirin_Kalam:
Mai_Shakka, tun kafin Hume Imam Ghazali ya bi wannan hanyar. Ya ce ido yana ganin inuwa a tsaye, sai jarrabawa bayan sa'a guda ta nuna tana tafiya a hankali. Yana ganin tauraro ƙarami kamar dinari, lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma. Har nan ya yi daidai da maganar Dakta. Amma ya ƙara taki ɗaya: in hankali ya ƙaryata ido, me zai hana a sami wani alƙali a bayan hankali da zai ƙaryata shi? Kuma ya faɗa a fili cewa ba jera hujjoji ne ya fitar da shi daga wannan hali ba. Saboda haka a ganina a yarda kawai cewa faragmatizim bai amsa wannan tambayar ba.

Dakta_Hadiza:
Na yarda, kuma Quine ma ya yarda, ya ce halin da Hume ya bayyana shi ne halin ɗan Adam. Abin da Peirce ya ƙara shi ne bambanci tsakanin shakka ta gaske da shakka ta takarda. Ta gaske tana da sanadi, wani abu ya saɓa wa tsammaninka, ta hana ka sakat har sai ka bincika. Ta takarda kuwa furuci ne, ba ta sauya ko taki ɗaya a aikinka, kuma ba ta nuna maka abin da za ka je ka duba. A maƙalarsa ta 1877 ya lissafa hanyoyi huɗu da mutane ke kashe shakka da su: kafewa a kan ra'ayi, bin umarnin hukuma, bin abin da ya kwanta wa hankali, da hanyar kimiyya. Ya fifita ta ƙarshe don ita kaɗai ce ke iya gane an yi amfani da ita ba daidai ba.

Sabon_Shiga:
A yi mini afuwa, wannan ra'ayin Quine na barin kimiyya ta bincika yadda ɗan Adam yake sani, wanda ake kira "bin ɗabi'a", yana nufin musun Ubangiji ne?

Malama_Rabi:
A'a ƙanena, abu biyu ne daban. Ɗaya iƙirari ne cewa babu komai sai abin da kimiyya ke iya aunawa. Ɗaya kuma hanya ce: a nazarci gani, tunawa, da yanke hukunci na ɗan Adam kamar yadda ake nazarin numfashi ko bugun zuciya. Ta biyun muke magana a kai. Su kansu mutanen sun bambanta: Peirce ya rubuta maƙala a 1908 yana kafa hujja kan samuwar Ubangiji, James ya kare haƙƙin yin imani, Dewey da Quine kuwa ba su bi wannan hanyar ba. Kalmar ɗabi'a ma tana rikita mu, don a bakinmu ta fi nufin hali. Gara a ce nazarin sani a matsayin aikin halitta.

Ɗan_Lissafi:
Mu koma kan Quine, don akwai sukar da ta fi ta dauru ƙarfi. Jaegwon Kim ya kawo ta a 1988. Ilimin halayyar ƙwaƙwalwa yana gaya maka yadda mutane ke yanke hukunci. Nazarin sani kuwa tambayarsa yadda ya kamata su yanke. In ka mayar da na biyu na farko, "ya kamata" ta ɓace, ka sauya fanni ne kawai. A gwajin katunan Wason na shekarun 1960, inda ake ba mutum katuna ya zaɓi waɗanda zai juya don gwada wata ƙa'ida, mafi yawan mutane suna zaɓar katin da ba shi ba ne. In bayanin abin da mutane ke yi shi ne komai, da me za ka kira zaɓinsu kuskure?

Likita_Amina:
Amsar Quine ita ce "ya kamata" ta zama irin ta injiniya: in burinka hasashe ya dace, ga hanyar da ta fi kai ka. Bari in nuna da adadi na misali. Mutum 10,000, ɗaya cikin ɗari na da wata cuta, wato 100. Gwajin yana kama 90 cikin 100 na masu ita, yana kuma yi wa 5 cikin 100 na masu lafiya ƙarya. Masu cutar da ya kama 90 ne. Masu lafiya 9,900, ya shafa wa 495 cutar da ba su da ita. Jimillar waɗanda gwaji ya ce suna da ita 585, na gaske a ciki 90, wato kusan 15 cikin ɗari. Yawancin mutane in an tambaye su za su ce 90 cikin ɗari, saboda sun manta da ƙarancin cutar tun farko.

Inda binciken ƙwaƙwalwa ya shigo: Gigerenzer da Hoffrage sun nuna a 1995 cewa in aka ba mutane tambayar da ƙidayar kawuna, kamar yadda na yi yanzu, maimakon kashi-kashi cikin ɗari, masu samun amsar suna ƙaruwa sosai. Ga shawara ta "ya kamata" da ta fito daga gwaji: ka juya kason zuwa adadin mutane kafin ka yanke hukunci.

Ɗan_Lissafi:
Likita, shawarar ta yi kyau, amma lura da inda ma'aunin ya fito. Cewa 15 ce amsa ba 90 ba, lissafin yiwuwa na Bayes ne ya faɗa, ba ɗakin gwaji ba. Gwajin ya nuna yadda za a taimaki mutum ya kai ga amsar da aka riga aka sani. Kim yana nan daram.

Injiniya_Sule:
Ba gaba ɗaya ba. Je ka bi mutum 585 ɗin nan da gwaji na biyu mai tsanani, ka ƙirga. In 90 cikin ɗari ne za a gani, in 15 ne za a gani. Lissafin yana da inda yake taɓa ƙasa.

Malam_Ilu:
Akwai gwajin da Peirce ya yi da ɗalibinsa Jastrow a jami'ar Johns Hopkins, aka buga a 1885, wanda ya dace da nan. Ana ɗora nauyi a kan yatsan mutum, a ƙara ko a rage ɗan kaɗan, ya faɗi wanne ya faru, ya kuma ba tabbacinsa maki daga 0 zuwa 3. Akwai shamaki tsakaninsa da mai gudanarwa, kuma kati da aka cakuɗa ne ke yanke jerin ƙari da ragi, don kada ya gano tsarin mai gudanarwa. Ko a inda mutum ya ce tabbacinsa sifili ne, zato kawai yake, yana dacewa kusan sau uku cikin biyar, fiye da rabin da sa'a za ta bayar. Ma'ana jin yaƙini a zuci da ingancin hanyar sani ba abu ɗaya ba ne, kuma ana iya auna tazararsu. Wannan ba zama a kujera ne zai gano shi ba.

Dakta_Hadiza:
Daga nan ne ra'ayin Goldman na 1979 ya samu gindi: yarda tana da hujja in ta fito daga hanyar da yawanci ke haifar da gaskiya. Amma yana da ramin da har yanzu ba a cike ba. Ka hango mutum da magariba daga nesa ka ce wane ne. Wace hanya ka bi? Gani? Gani da magariba? Gane fuskar wanda ka saba da shi daga mita hamsin? Kowace da nata adadin dacewa. In ka faɗaɗa, gani mai kyau da marar kyau sun zama ɗaya. In ka ƙuntata har ya zama wannan kallon kaɗai, adadin ya koma ɗari bisa ɗari ko sifili.

Malama_Rabi:
Dewey zai ce matsalar da ake ciki ce ke yanke faɗin. Shi ya ma guji kalmar sani a littafinsa na 1938, ya fi son "abin da bincike ya ba da izinin furtawa". Matakansa tun 1910 biyar ne: a ji cikas, a gano ainihin inda yake, a kawo zaton mafita, a bi zaton da tunani a ga abin da zai haifar, a gwada a karɓa ko a watsar. Mafi yawan ɓarna a mataki na biyu take, an sa wa matsala sunan da ba nata ba, sai sauran matakan su tafi daidai a kan hanyar da ba ita ba. Neman duniyar da babu ita kusa da rana, wanda Injiniya ya kawo, irinsa ne.

Mai_Shakka:
To ga tambayar Ɗalibi ta farko ta dawo ta wata ƙofa. Quine ya ce halittar da zatonta ke yawan kuskure tana mutuwa kafin ta haihu, saboda haka a ɗan amince da ƙwaƙwalwa. Amma dabbar da ke gudu duk lokacin da ciyawa ta motsa, ko da sau tara cikin goma iska ce, ta fi wadda ke tsayawa tabbatarwa tsawon rai. Gudun banza arha ne, kuskure ɗaya ta ɗaya ɓangaren kuwa mutuwa ne. Hanya ce mai yawan ƙarya, kuma ta yi aiki.

Mai_Kare_James:
Sai dai ba dole ne dabbar ta yarda akwai zaki ba. Ya isa ta yarda cewa akwai yiwuwarsa, kuma wannan gaskiya ne.

Ɗan_Lissafi:
Wannan ya dogara da yadda za ka gane abin da dabba ta yarda da shi. In da ƙa'idar 1878 za ka auna, "akwai zaki" da "mai yiwuwa akwai zaki" duk gudu suke haifarwa. Sai ka nemo halin da za su rabu: shin tana komawa kiwo bayan minti ɗaya, ko tana barin wurin gaba ɗaya? Shin gudun yana raguwa in motsin ya maimaitu sau ashirin ba abin da ya fito? Malam Ilu, a ganinka wannan ya isa ya raba su, ko sai an haɗa da awon abin da ke faruwa a jikinta?